DARASI GA DILLALAI: YADDA AKE YI WA TSOHUWAR TARAKTA KUƊI

Darasinmu na wannan fitowa a kan tsohuwar tarakta ne, watau motar noma, da yadda ake sanin abin da ta cancanta idan an zo sayarwa.

Abin da ya jawo maganar shi ne tambayar da wani dillali ya aiko daga Gafasa ta ƙasar Ajingi. Wani dattijo ya rasu ya bar Massey Ferguson 375 da garma da haro, an zo rabon gado. Babban ɗan ya ce zai riƙe ta a kan naira 4,500,000. Ƙannensa suka ce albarka, ai sun ji an sayar da irinta a Gaya naira 12,000,000. Magana ta yi tsami har wasu sun daina gaisawa, ga damina tana matsowa, tarakta kuwa tana tsaye ƙarƙashin darbejiya. Aka kira dillali ya yi mata kuɗi, shi kuma ya ce yana tsoron kada ya faɗi abin da zai cuci marayu ko ya cuci mai saye. To, ga amsa, kuma ta ishi duk wanda irin wannan ya samu.

FASALI NA 1: KA SAN ABIN DA KE GABANKA

Ka sani, ya kai dillali, tsofaffin taraktocin da ke ƙasarmu yawancinsu gida uku ne.

Na farko Massey Ferguson, ja. Mai lamba 135 da mai lamba 165 an ƙera su daga 1964 zuwa 1975. Ita 135 silinda uku gare ta, injin Perkins, ƙarfin doki wajen 45. Mai lamba 375 ta zo daga baya, silinda huɗu. Ita kuwa iri biyu ce a kasuwa: akwai ƙirar Ingila ta garin Kobantiri, wadda aka yi daga wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, akwai kuma ƙirar Pakistan ta kamfanin Millat da ke Lahor. Lamba ɗaya, fenti ɗaya, amma kuɗi ba ɗaya ba. Farantin da ke jikinta shi zai gaya maka inda ta fito.

Na biyu Fiat, kamar 640 da 80-66. A da ana haɗa motocin Fiat da taraktocinsu a kamfanin NTM da ke Kano. A 1991 Fiat ta sayi New Holland, shi ya sa za ka ga 80-66 da sunan New Holland a jiki. Har yau kamfanin Al-Ghazi na Pakistan yana yin irin 640, don haka kayan gyaranta bai yanke ba.

Na uku Steyr, wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Tana da ƙarfi, amma kayan gyaranta bai kai na Massey yawa a kasuwa ba.

Yawan waɗannan motoci ya samo asali ne daga zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da shirin juyin noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, da kafa KNARDA da KASCO a Jihar Kano a farkon shekarun 1980. Da yawa daga cikinsu ta hanyar gwanjon gwamnati suka shigo hannun jama'a. Wasu kuma 'yan tokumbo ne, an sayo su a gwanjon Turai, irin wanda ake yi wata-wata kusa da Kambirij a Ingila.

Ga abu guda da za ka riƙe. A Ingila akwai masu tara tsofaffin taraktoci don marmari, kamar ƙaramar Ferguson mai ruwan toka da aka yi daga 1946 zuwa 1956. Suna wanke ta, su yi mata fenti, su kai ta wurin nuni, kuma suna biyan kuɗi don tsufanta. A Gafasa babu mai ba ka ko sisi don tsufa. Abin da ake saye a nan aiki ne: hekta nawa za ta yi kafin ta tsaya, kuma in ta tsaya, kwana nawa kafin a samo abin da ya lalace a Ƙofar Ruwa. Saboda haka Massey mai shekara 40 tana iya fin wata baƙuwar ƙira mai shekara 10 daraja, in ita baƙuwar sai an yi odar kayanta daga waje.

FASALI NA 2: ABU UKU DA BA A YIN KUƊI DA SU

Na ɗaya, kuɗin da aka saye ta a da. Magada sukan fito da tsohon rasit su ce ga abin da baba ya biya. Wannan ba ma'auni ba ne. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A Satumban 1986 aka fara karya darajarta, a Yunin 2023 aka sake ta ga kasuwa, a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Rasit na nuna mallaka ne, ba ya nuna daraja.

Na biyu, fenti. Jan fenti da sababbin sitika aikin yini biyu ne. In ka ga an fesa fenti har kan tiyo da kan datti, to, ka ƙara buɗe ido.

Na uku, agogon awa. Masana aikin injin suna ƙiyasta rayuwar irin wannan tarakta a kan awa 12,000 na aiki. Amma agogon tsofaffin waya ce ke juya shi, in ta tsinke ko an cire ta, ya tsaya. Sau da yawa ka ga agogo yana nuna 3,000 alhali mota ta yi ninkin haka sau uku. Ka duba fedar kuloci da ta birki. In ƙarfen ya sule ya yi santsi, ramukan da ake rataya garma kuma sun zama kamar ƙwai maimakon da'ira, ƙafa da garma sun faɗi gaskiyar da agogo ya ɓoye.

FASALI NA 3: DUBAWA

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da bakanike naka, ba na mai sayarwa ba, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku je da sassafe, ka riga ka ce kada a tashe ta kafin ku zo. Ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe.

Kafin a tayar: a zaro sandar baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga cikinsa. A buɗe lagireto, in mai yana yawo a kan ruwa, shi ma aibi ne. A duba jikin bulo da gidan giya da gidan ƙafar baya ko akwai walda. Tsagewar bulo babban aibi ne, ba a haɗa shi da sauran.

Wajen tayarwa: lafiyayyen inji yana kamawa da kik ba tare da turi ba. Wadda sai an tura ko an ja ta da wata, ko dai batir da kik ne, wannan ƙarami, ko kuwa injin ya rasa matsi, wannan babba.

Hayaƙi: baƙi yana nuna nozul ko famfon mai ko matatar iska ta toshe. Shuɗi yana nuna tana cin baƙin mai, watau ringi da silinda sun cinye. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana iya zama gaskit ne ya ƙone, ruwa na shiga. A duba kuma bututun numfashi da ke gefen inji. In yana feso hayaƙi da mai, sauke inji ya kusa.

Ɗagawa: a rataya garma, a ɗaga ta sama, a kashe inji. In ta sauko nan da nan, akwai yoyo a cikin haidirolik. In tana ɗagawa tana karkarwa, famfo ya gaji. A gwada bayan man ya yi zafi, don mai sanyi yana rufa asiri.

Sandar baya mai juya injin casa ko famfo: a sa ta, a ga tana juyawa, a cire a ga ta tsaya.

Ƙafar gaba: a ɗaga da jak, a girgiza. A juya sitiyari a ga yawan wasan da yake yi kafin taya ta motsa.

Tayoyin baya: a duba haƙora da tsagewar gefe. Tayar baya guda biyu kuɗi ne mai yawa, kada ka raina.

Daga ƙarshe a kai ta gona. A sa garma a ƙasa, a yi aiki awa guda cur, a shiga kowace giya. A nan za ka ga ko kuloci yana sulɓewa, ko giya tana fita da kanta, ko inji yana tafasa. Mai sayarwar da ya ƙi a kai ta gona ya riga ya ba ka amsa.

Duk abin da aka gani a rubuta shi, bakanike ya sa kuɗin kaya da na aiki a gaban kowanne, bisa farashin ranar a Kano.

FASALI NA 4: MA'AUNI HUƊU

Lambobin da ke tafe na koyarwa ne. Kai ka cire su ka sa na ranar da kake ciniki, hanyar lissafin ita ce ba ta canzawa.

Ma'auni na 1, ƙasa. Shi ne abin da za ta kawo in an ce ta mutu. In nauyinta kilo 2,500 ne, 'yan gwangwan kuma suna sayen kilo naira 400, ƙarfenta ya kama 1,000,000. Amma ba a kai Massey ma'auna haka nan. In aka farke ta aka sayar da bulo da gidan giya da famfon mai da ƙafar baya da rim dabam-dabam, a ce ta kawo 3,500,000. To, wannan ne ƙasa. Duk tayin da ya gaza haka, ba tayi ba ne.

Ma'auni na 2, sama. Shi ne kuɗin da mai saye zai samu wata lafiyayya mai ƙarfi ɗaya da ita, a ce 'yar tokumbo a Kano 14,000,000. In kuɗin sayen taka da na gyaranta suka kusa wannan, mai hankali zai wuce Kano ya huta da bakanike.

Ma'auni na 3, makwabta. Ka nemo aƙalla uku irinta da aka sallama kwanan nan a Gaya ko Wudil ko Dutse ko Kano. Abin da aka biya za ka nema, ba abin da aka yi suna ba. A ce ka samu 9,000,000 da 10,500,000 da 12,000,000. Ka tambayi labarin kowacce. Ta 12,000,000 an sauke mata inji bara, ga sababbin tayoyi, har da garma aka haɗa. Ta 9,000,000 mai ita bashi ya matsa masa. Ta tsakiya lafiyayya ce, ba kayan aiki, ba matsuwa. Ita ce abin kwatance: 10,500,000.

Sa'an nan ka kawo takardar bakanike:

Sauke inji: 1,400,000
Tayoyin baya biyu: 1,100,000
Famfon haidirolik: 350,000
Kuloci: 300,000
Batir da wayoyi: 150,000
Jimla: 3,300,000

Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a gani sai an buɗe, watau 660,000. Gyara ya zama 3,960,000. Ka cire daga 10,500,000, saura 6,540,000. Garma da haro a yi musu kuɗi dabam, a ce garma mai faifai uku 600,000, haro 700,000. Ka haɗa, ya zama 7,840,000.

Ma'auni na 4, abin da za ta ci da kanta. Wannan shi yawancin dillalai ke mantawa, shi ne kuwa wanda mai saye ke lissafawa a zuci. Ƙasar Gafasa da Toranke da Balare yawanci jigawa ce, noman gero da dawa da gyaɗa da wake. Ƙasa ce mai sauƙi, ba ta wahalar da inji, amma lokacin aikin gajere ne. Ruwa ya sauka, kowa yana son a yi masa a mako guda, bayan 'yan makonni an gama. Ga kuma shanun huɗa, waɗanda ke hana mai tarakta tsawwala kuɗi, don ƙaramin manomi yana da wurin zuwa.

A ce ta yi kwana 40 tana aiki, hekta 3 a yini, hekta 120 ke nan. A naira 40,000 kowace hekta, an tara 4,800,000. Man gas lita 15 a hekta, lita 1,800, a naira 1,200, ya ci 2,160,000. Direba ya ɗauki ɗaya cikin goma, 480,000. Baƙin mai da matata da ƙananan gyare-gyare 560,000. An kashe 3,200,000, saura 1,600,000. Da kaka da rani ta ja tirela, dakon amfanin gona da taki da yashi, a ce ta bar 900,000. Ribar shekara 2,500,000.

To, mai saye in ya biya 7,840,000 ya kuma yi gyaran 3,960,000, ya zuba 11,800,000. Kuɗinsa ba zai dawo ba sai ya kusa shekara biyar. In shi shekara huɗu yake iya jira, abin da zai zuba duka 10,000,000 ne. Cire gyara, saura 6,040,000. Nan tayinsa zai tsaya.

FASALI NA 5: HUKUNCIN TA GAFASA

Bisa wannan misali, tarakta da garma da haro suna tsakanin 6,000,000 da 7,800,000. Babban wa da ya ce 4,500,000 ya yi ƙasa ƙwarai, don ya kusa kuɗin farkewa alhali mota tana tashi tana aiki, ga kayan aiki biyu a kai. Ƙannen da suka ce 12,000,000 sun ɗauko kuɗin wadda aka riga aka kashe wa gyara sun ɗora wa wadda ba a taɓa ba. Kowa ya ga gefe guda.

Shawarar da muke ba dillali ita ce ya tara su, ya shimfiɗa takarda a gabansu, kowa ya ga lamba da inda ta fito. In babban wa yana so, ya ɗauka a cikin wannan tsakani, a cire rabonsa, ya biya saura a lokacin da aka yanka. In bai iya ba, a fitar da ita kasuwa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar ta tsaye ana jayayya. Tarakta tana lalacewa a tsaye: tayoyi su tsattsage a rana, batir ya mutu, kuloci ya manne, ruwa ya shiga ta salansa, yara su kwance abin da hannu ya kai. Damina guda ta wuce, an yi asarar ribar shekara, an kuma ƙara kuɗin gyara.

FASALI NA 6: LOKACI DA TAKARDU

Lokaci yana da nasa kuɗi. Lafiyayyar tarakta ta fi tsada da bazara, wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da kowa ke shirin damina. Amma wadda ke bukatar sauke inji, in ka kawo ta a ƙarshen Mayu, mai saye ya san ba za ta riski ruwan farko ba, sai ya rage maka ribar shekara guda. Irin wannan da kaka ko farkon rani ake fitar da ita, kuɗi na hannun manoma, lokacin gyara kuma yana nan.

Takardu kuwa, kada ka sa baki a ciniki sai ka ga asalin mota. A karanta lambar inji da lambar jiki a kan ƙarfe, a gwada da abin da ke takarda. In an goge lamba ko an sake bugawa, ka tashi ka kaɗe rigarka. In ta gwanjon gwamnati ce, a kawo takardar gwanjo. In ta bashin banki ce ko ta ƙungiyar manoma, a kawo shaidar an gama biya, don akwai wanda ya sayi tarakta da kuɗinsa, daga baya masu bashi suka zo suka ɗauke ta a gona. In ta gado ce, kowane magaji ko wakilinsa ya sa hannu, kada gobe wani ya dawo daga ci-rani ya ce ba da shi aka yi ba.

A rubuta yarjejeniya: sunan mota da lambobinta, kayan da aka haɗa, kuɗi, abin da aka bayar kafin alƙalami, ranar cikawa, da aibin da aka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Shaidu su sa hannu a gaban mai unguwa ko dagaci. La'adarka ka yanke ta tun farko, kowa ya san wanda zai biya, kuma kada ka ci ta fuska biyu a ɓoye.

Game da aibi, ka faɗe shi tun ba a tambaye ka ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai sayen tsohuwar tarakta bai sa ran sabuwa ba. Abin da ba zai yafe ba shi ne a zuba mata mai mai kauri don ɓoye ƙara, ko a liƙe tsagewa a shafe da fenti. Ciniki irin wannan yana dawowa, kuma a ƙasar da kowa ya san kowa, daga Ajingi har kasuwar Wudil ta ran Juma'a, dillali ba shi da jarin da ya wuce a ce in ya yi kuɗi an yarda.

AIKIN GWAJI

Ga na gida, mai so ya gwada. Massey 165 ce, lafiyayyar irinta an sallama 6,000,000. Bakanike ya rubuta gyaran 1,500,000. Ba garma, ba haro. Farkewarta 2,200,000. Ribarta a shekara 1,500,000, mai saye kuma yana son kuɗinsa ya dawo a shekara huɗu. Ka fitar da ma'auni na 3 da na 4, kada ka manta da kashi ɗaya cikin biyar na ɓoyayyen gyara, sa'an nan ka faɗi ko tayin 3,000,000 abin sallamawa ne ko na albarka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.